Yadda Ake Koya wa Ɗan Kwikwiyo Inda Zai Yi Fitsari da Kashi

Kwikwiyon da aka raba da uwarsa yana ɗan mako 8 bai san bambancin cikin ɗaki da waje ba. Da mararsa ta cika, sai ya tsuguna a inda yake. Ko ya so ya riƙe ma jikinsa bai kai ba, domin naman da ke tsuke bakin mafitsara ba ya fara ƙwari sai wajen mako 12 zuwa 16. Don haka nauyin aikin yana kan mai karen ne tun daga farko. Abin da ake so shi ne a tsara masa yini ta yadda duk lokacin da abin ya matsa masa, zai tsinci kansa a wurin da ya dace, kuma a ba shi lada nan take. In aka maimaita haka ba fashi, sai ya zame masa jiki. Yawanci akan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin a saki jiki da shi gaba ɗaya, wasu kuwa sai sun kusa shekara, musamman ƙananan jinsi, waɗanda mafitsararsu ƙarama ce kuma abinci ba ya daɗewa a cikinsu.

Wuri ɗaya tak

Kafin kwikwiyon ya shigo gidan, ka zaɓi inda zai riƙa yi. Ya kasance kusa da ƙofa, inda za ka iya kaiwa cikin minti ɗaya, kuma nesa da kwanon abincinsa. Ranar da ya iso, can za ka fara ajiye shi kafin ya taka cikin ɗaki.

Kare yana gane makewayinsa da abu biyu: warin wurin, da irin abin da yake ji a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Wanda ya saba da ciyawa zai nemi ciyawa, wanda ya saba da yashi zai nemi yashi, kuma wannan sabo tun yana ɗan wata biyu yake kafuwa. Shi ya sa sauya wuri yau nan gobe can yake rikita shi. Ka riƙa bin ƙofa ɗaya, da hanya ɗaya, da igiya a wuyansa ko da gidan a katange yake, don kada ya ɗauka wasa aka fito.

Sai an kula da wani abu: kwikwiyon da bai kammala allurar rigakafi ba, wadda takan ƙare wajen mako 16, kada a kai shi inda baƙin karnuka suke kashi. Ƙwayar cutar parvo tana iya shafe watanni da rai a cikin ƙasa, kuma tana kashe ƴan kwikwiyo.

Sau nawa za a fitar da shi

Akwai lissafin da masu horar da karnuka suke amfani da shi: yawan watanninsa, a ƙara ɗaya, shi ne iyakar awannin da zai iya riƙewa. Ɗan wata 2 awa 3, ɗan wata 3 awa 4. Amma wannan iyaka ce ta ƙarshe, kuma ga wanda yake kwance yana hutawa. Wanda idonsa biyu yana guje-guje ba zai kai ko rabin haka ba. A makonnin farko ka fitar da shi duk awa ɗaya da rana, in kuma wasa ya yi zafi, duk minti 20 zuwa 30.

Ban da agogo, akwai lokutan da ba a jira. Da ya farka daga barci, ko na minti goma ne, ɗauke shi ka fita. Kada ka tsaya neman takalmi, ajiye su a bakin ƙofa tun da wuri. Haka bayan ya sha ruwa, da bayan wasa, da dab da kwanciyar dare. Bayan cin abinci kuwa, tsakanin minti 5 zuwa 30 kashi zai zo, saboda shigar abinci cikin tumbi tana motsa hanji ya turo abin da ke ƙasa. A jikin ɗan kwikwiyo wannan motsi yana da sauri ƙwarai.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa ba a barin abinci a kwano yini guda. Wanda yake ci duk sa'ad da ya ga dama, zai yi kashi duk sa'ad da ya ga dama. Daga mako 8 zuwa 12 a ba shi sau 4 a rana, daga wata 3 zuwa 6 sau 3, bayan nan sau 2, kullum a lokaci ɗaya. Ka ajiye kwanon minti 15, ka ɗauke ko bai cinye ba. Ruwa kam a bar masa duk yini. Ana iya ɗauke shi awa 2 kafin barci, amma ban da lokacin zafi, ban da kuma wanda yake gudawa ko amai.

Yana da kyau ka riƙa rubuta lokacin da ya ci da lokacin da ya yi, ko na mako ɗaya ne. Mutane suna raina wannan, alhali cikin kwana uku ko huɗu za ka ga jikinsa yana da nasa agogon, ka daina lalube cikin duhu.

Abin da za ka yi in kun isa wurin

A nan ne mafi yawan mutane suke ɓata aikin, don haka bari mu ɗan tsaya a kai.

Ka tsaya cak, ka riƙe igiyar, ka bar shi ya shinshina iya tsawonta. Ban da hira, ban da wasa, ban da latsa waya, domin fitsarin ɗan kwikwiyo daƙiƙa kaɗan ne, kana sunkuyar da kai ya gama ba ka gani ba. Da ya tsuguna ya fara, sai ka faɗi kalmar da ka zaɓa a hankali, misali “yi maza”. Kalma ɗaya ce kowa a gidan zai riƙa faɗa. A farko ana faɗarta ne yana cikin yi, ba kafin ya fara ba, don ya haɗa sautin da aikin. Bayan mako biyu ko uku sai ka soma faɗa da zarar kun isa, za ka ga ya fara amsawa. Ranar da ake ruwan sama ko kuke kan tafiya za ka san amfaninta.

Yana miƙewa, cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ka yabe shi ka sa masa ɗan abin daɗi a baki. Ɗan mitsitsi ya isa, kamar rabin farcen ƙaramin yatsa, kuma duk abin da ake ba shi na lada kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini. Ladan ya kasance a aljihunka, a wurin za a bayar. In ka bari sai kun koma ɗaki, to shigowa ɗaki ka saka masa, ba fitsarin ba. Kada kuma ka yi ɗokin yabo yana tsakiyar yi: zai katse ya taho wurinka da gudu, ya ƙarasa sauran a kan kafet.

Bayan ya gama, ka sake shi ya yi wasa na ɗan lokaci. Wanda ake mayarwa ciki da zarar ya yi, yakan gane cewa fitsari ne yake kawo ƙarshen yawo, sai ya koyi jan lokaci.

In minti 5 ta wuce bai yi komai ba fa? Ku koma ciki, amma kada ka sake shi. Ka sa shi a kejinsa ko ka riƙe shi a jikinka minti 10 zuwa 15, ku sake fita. Ƙorafin da aka fi ji, wato “mun daɗe a waje bai yi ba, muna shigowa ya yi”, daga nan yake fitowa. A waje hankalinsa ya rabu, ya manta da mararsa. Da ya shigo inda ya natsu, sai ta tuna masa.

Keji da sa ido

A cikin gida kwikwiyon da bai koya ba yana da hali uku ne kawai: ko idonka na kansa, ko yana ɗaure da igiya a jikinka, ko yana killace. Ba na huɗu. Duk fitsarin da ya yi a lungu ba wanda ya gani, darasi ne ya koya wa kansa cewa lungun ma makewayi ne.

Keji yana aiki ne saboda kare ba ya son ɓata makwancinsa. Amma sai girmansa ya yi daidai: ya iya tsayawa, ya juya, ya miƙe ƙafa ya kwanta, shi ke nan. In ya yi faɗi da yawa, zai mayar da gefe ɗaya ɗakin kwana, ɗaya gefen bayan gida. Wanda ya sayi babban keji don gaba, sai ya raba shi da shinge, ya riƙa matsar da shi yayin da karen yake girma. A riƙa ba shi abinci a ciki don ya so wurin, kada a jefa shi ciki don hukunta shi, kada kuma a bar shi fiye da abin da mararsa za ta ɗauka. In aka tilasta masa kwana cikin fitsarinsa sau da yawa, ƙyamar da aka dogara da ita sai ta mutu, kuma dawo da ita aiki ne ja. Haka ake fama da waɗanda aka raina a cikin ƙazamin keji tun kafin a sayo su.

Alamun da za ka lura da su: shinshinar ƙasa da sauri, zagaye wuri ɗaya, barin wasa ba zato ya nufi wani ɗaki, ɗan kuka, ko zuwa bakin ƙofa. Daga alamar zuwa tsugunawa daƙiƙa kaɗan ne.

Da dare ka ajiye kejin kusa da gadonka. Ɗan mako 8 zuwa 10 zai buƙaci fita sau ɗaya ko biyu. Ka ɗauke shi a hannu, ba surutu, ba kunna fitila mai haske, ya yi, ka mayar da shi. In ka sa wasa a ciki, gobe zai tashe ka don wasan. Akasari zuwa wata 4 ko 5 suna kwana har safe.

In ya yi a ciki

Zai yi, babu makawa. In ka kama shi yana cikin yi, ka ɗan yi sauti kaɗan don ya dakata, ka ɗauke shi zuwa wurinsa, in ya ƙarasa a can ka ba shi lada kamar kullum. In kuwa daga baya ka tarar, goge kawai. Duka, tsawa, ko dangwara masa hanci a cikin kashin ba sa koya masa komai game da wuri. Abin da yake ɗauka shi ne yin kashi a gaban mutum haɗari ne, sai ya koma yi a bayan kujera, kuma in kun fita ya ƙi yi kana tsaye. Sunkuyar da kai da lafe kunne da ake cewa “ya san ya yi laifi”, tsoron fuskarka ne kawai.

Gogewar ma da yadda ake yinta. Ka fara tsane fitsarin da tsumma ko takarda, kana dannawa ba gurzawa ba. Sannan ka zuba maganin wanki mai enzayim, wanda ake yi musamman don fitsarin dabbobi, ya jiƙa wurin har inda fitsarin ya ratsa, ka bar shi iya lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar. Sabulu yana kawar da warin a hancinka ne, hancin kare yana nan yana jin sa. In babu mai enzayim, ruwan khal da ruwa rabi da rabi yana ragewa, ko da yake bai kai shi ba. Ka guji duk abin wanki mai amoniya, domin warinsa ya yi kama da na fitsari, kamar ka sa masa alama ne. Kada kuma a zuba bilic a kan fitsarin da ba a tsane ba, haɗuwarsu tana fitar da iska mai cutar da huhu. Kashin waje a riƙa kwashewa kullum a wanke hannu, saboda ƙwan tsutsar ciki da ke iya kama mutum, musamman yara.

Takardar tsotse fitsari da ake shimfiɗawa a ɗaki tana da amfani ga mazauna saman bene, ko wanda aiki zai raba shi da gida na awanni. Amma tana da illa: tana koya wa kwikwiyo cewa abu mai laushi a ƙasan ɗaki wurin yi ne, kuma darduma ma mai laushi ce. Wanda zai iya fita da karensa kai tsaye, gara ya tsallake ta. Wanda ya riga ya fara, sai ya riƙa matsar da ita wajen ƙofa kaɗan-kaɗan kowace rana, har ta fita waje, sannan a riƙa rage girmanta har a daina.

Lokacin da ba matsalar horo ba ce

In yana tsugunawa a kai a kai yana ɗigo kaɗan, ko yana yunƙuri, ko akwai jini a fitsarin, ko yana yawan lasar gabansa, ana zargin ciwon mafitsara, sai likitan dabbobi. Haka gudawa, wadda tsutsar ciki ko sauya abinci farat ɗaya kan jawo. Sabon abinci a hankali ake shigo da shi, ana gauraya shi da tsohon cikin kwana 7 zuwa 10. Gudawa mai jini tare da amai da kasala ba a kwana da ita. Wanda kuma fitsari yake zubo masa yana barci, ko bayansa kullum a jiƙe, yana iya zama da lahani a hanyar fitsarin tun haihuwa, an fi ganin haka ga mata.

Ɗigon da yake yi lokacin da ka dawo gida, ko in an sunkuya a kansa, na murna ne ko na tsoro, bai ma san ya yi ba. Ka shigo shiru, kada ka kalle shi ido cikin ido, ka bari ya lafa, ko ku gaisa a waje. Yawanci yana wucewa da girma, faɗa kuwa ƙara shi yake yi.

In ya yi mako 3 zuwa 4 bai ɓata ɗakin da yake ba, ka buɗe masa ɗaki ɗaya, kana tare da shi, ka yi wasa da shi ka ba shi abinci a can don ya ɗauke shi a matsayin wurin zama. Sai na gaba bayan wasu makonni. Ka sa ran zai ɗan koma baya in an sauya gida, in ruwan sama ya yi yawa, ko wajen wata 6 zuwa 9 lokacin da balaga ta zo, namiji ya fara ɗaga ƙafa yana yi wa kujeru alama. In haka ta faru, ka rufe ɗakunan da ka buɗe, ka koma fitar da shi duk awa ɗaya ko biyu da ladan a aljihu, har a sake samun mako biyu ba ɓarna.