Yadda ake gwajin filasta don gano abin da fata ba ta so

Idan ƙaiƙayi da ƙuraje suna komawa wuri ɗaya, kamar ƙasan kunne, wuyan hannu ko bayan ƙafa, akwai yiwuwar wani abu da ke taɓa fatar ne sanadi. Irin wannan borin fata ba ya fitowa nan take, yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3, shi ya sa mai shi yakan kasa gane mai laifin. Gwajin filasta, wato manna sinadarai a gadon baya don a ga wanda fata ba ta so, shi ke gano shi. Likitan fata ne ke yin gwajin, ba a yin sa a gida.

Kafin ranar, a daina shafa man da ke da sitiroyid (maganin rage kumburi da ƙaiƙayi) a gadon baya na aƙalla mako guda. Masu shafa man bilicin su faɗa wa likita gaskiya, domin da yawa daga cikin mayukan nan na ɗauke da clobetasol, wani sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke danne alamar har sakamako ya fito kamar babu komai. Haka ma wanda ke shan prednisolone, wato sitiroyid na sha. Maganin ƙaiƙayi irin su cetirizine ba ya ɓata gwajin. A zo da mayuka, turare da dayis ɗin da ake amfani da su.

A rana ta farko ana zuba kowane sinadari, kusan miligiram 20 a haɗe da basilin, cikin ɗan faifan alminiyom mai faɗin milimita 8, a manna su jere a gadon baya da filasta, a zana alamar wurin. Cikin waɗanda aka fi gwadawa akwai nikel na 'yan kunne da maɓallin wando, kromet na siminti da takalmin fata, sinadaran robar safar hannu, haɗin turare, da sinadarin PPD na baƙin lalle da rinin gashi.

Filastar za ta kwana 2, wato awa 48. Nan aka fi samun matsala a ƙasa mai zafi: gumi na ɗaga ta, sinadarin ya zame. A bar aikin ƙarfi da motsa jiki, kada ruwa ya taɓa bayan. Alwala ba ta ɓata gwajin. In gefe ya ɗago, a ƙara masa filasta.

Bayan an cire, likita ya duba, sannan a dawo bayan kwana 3 ko 4 da manna filastar. Wannan dubawar ta fi muhimmanci, kuma kada a tsallake ta. Wasu sinadarai, kamar neomycin (maganin kashe ƙwayoyin cuta), sai bayan kusan kwana 7 suke nunawa. A fata mai duhu jan wurin ba ya fitowa sosai, don haka dole a shafa da yatsa a ji tauri ko tudu. A rubutun sakamako, tauri da ja alamar + ce, in da ƙananan ƙuraje masu ruwa ++, in ya yi bororo +++. Wurin da ya yi kamar ƙuna lokacin cire filasta kuma ya lafa bayan haka, yawanci sinadarin ne ya ci fata, ba bori ba. Wani lokaci borin wuri ɗaya mai ƙarfi yakan tayar da na kusa da shi, sai a sake gwada su ɗaya-ɗaya bayan makonni.

Kada a manna siminti, omo ko sinadarin da ba a sani ba kai tsaye, suna ƙona fata. In an gano sinadarin, a karɓi sunansa a rubuce, a riƙa duba jikin kwalin kowane mai kafin a saya.