Yadda Malami Zai Koyar da Ɗalibai Aikin Shugaban Ƙasa

Yawancin ɗalibanmu suna shigowa aji da tunanin cewa shugaban ƙasa tamkar sarkin zamanin da ne, wanda maganarsa ita ce doka. Gyara wannan fahimta shi ne babban aikin malami, kuma ya fi haddace sunayen shugabanni muhimmanci.

Malami ya fara da tambaya: idan kwatar unguwa ta toshe, ko rufin makarantar firamare ya yaye, wa za a tuhuma? Da yawa za su ce shugaban ƙasa. Sai ya raba allo gida uku, ya rubuta tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, ya bar yaran su jera ayyuka da kansu, har su gane cewa soja da 'yan sanda da hulɗa da ƙasashen waje na tarayya ne, kwata da kasuwar ƙauye kuwa na ƙaramar hukuma ne.

Daga nan a buɗe kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 130 ya ce shugaban ƙasa shi ne shugaban zartarwa na tarayya kuma babban kwamandan askarawan Najeriya, sashe na 131 kuma ya gindaya sharuɗɗan takara, ciki har da shekaru 35, waɗanda kafin gyaran 2018 suke 40. Yana da kyau a tuna musu cewa ba haka aka faro ba, domin daga 1963 zuwa 1966 Nnamdi Azikiwe shugaban ƙasa ne na girmamawa, ragamar gwamnati tana hannun Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai a 1979 Shehu Shagari ya zama zaɓaɓɓen shugaba mai cikakken iko na farko.

Inda nake ganin ya kamata a fi daɗewa shi ne iyakar ikon, kuma hanyar da ta fi shiga zukatan yara ita ce wasan kwaikwayo. A zaɓi ɗalibi ɗaya ya zama shugaban ƙasa, a raba sauran su zama Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai, a ba su ƙudurin doka mai sauƙi, kamar na ƙara wa lokacin tara minti goma. Idan majalisun biyu suka amince, sai a miƙa wa shugaban, a sanar da shi cewa sashe na 58 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. A asirce malami ya umarce shi ya ƙi. Ajin zai kaure da surutu, kuma a daidai wannan gaɓa ce za a bayyana musu cewa idan kashi biyu bisa uku na kowace majalisa suka sake amincewa, ƙudurin ya zama doka ko babu sa hannunsa. Haka majalisa ta yi wa Olusegun Obasanjo a 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, kuma Majalisar Dattawa ce ta yi watsi da gyaran kundin da zai buɗe masa ƙofar tazarce a watan Mayun 2006. A wasan na gaba a gwada tantance ministoci ko gabatar da kasafin kuɗi, tunda dukkansu sai da yardar majalisa.

Wajibi ne malami ya kame bakinsa daga yabon wata jam'iyya ko kushe ta, domin yaran sun fito daga gidaje masu ra'ayi dabam-dabam. Aikin gida kuwa, kowa ya saurari labaran rediyo na mako guda, ya rubuto abu uku da shugaban ƙasa ya yi, ya nuna wanne ne yake da hurumin yi shi kaɗai, wanne ne kuma sai majalisa ta amince.