Kurakuran da ɗalibanmu ke tafkawa wajen zaɓen aiki a wuraren shakatawar Orlando

Da zarar an buɗe neman gurbin horon aiki a wuraren shakatawar Orlando, wayata ba ta hutawa. Ƙannenmu da ke karatu a jami'o'in Amurka ne, kuma tambayar ɗaya ce: "Yaya, wane aiki zan zaɓa don su ɗauke ni?" Na gaji da ba da amsa a bi ta bayan kunne, bayan wata uku kuma a kira ni da kuka.

Ga wanda bai san zancen ba, wanda ya fi suna shi ne Disney College Program, da aka fara a 1981 a Walt Disney World, kusa da birnin Orlando a jihar Florida. Ɗalibi zai ajiye aji na zango ɗaya ko fiye, ya yi aiki ana biyansa kuɗin awa, ana cire kuɗin haya daga albashinsa. An dakatar da shirin a Maris 2020 saboda korona, aka dawo da shi a Yuni 2021, yanzu kuma ɗaliban suna zama ne a rukunin gidajen Flamingo Crossings Village. Ni na yi nawa a 2017, a ɗaya daga cikin manyan wuraren garin, kuma ayyukan kusan iri ɗaya ne ko'ina: kula da lilo, sayar da abinci, tsaron kanti, shara, gyaran ɗakunan otal, gadin wurin iyo, ɗaukar hoto, jera motoci.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cewa "ina so" ga kowane aiki. Tsoro ne ya sa ni. Na ɗauka in na ce akwai abin da ba na so, za a jefar da takardata. Sai na bi jerin daga sama har ƙasa ina nuna sha'awa, har da ayyukan da ban karanta bayaninsu ba. Su kuwa mutanen nan abin da ka rubuta shi suke ɗauka, kuma inda suka fi buƙatar hannu can za su tura ka: sashen abinci na tafi-da-gidanka. Ranar da aka kai ni kicin, mai koya mini aiki ta miƙo mini safar hannu ta roba, ta janyo faranti na ƙarfe cike da yankakken naman alade yana ta tsatsar mai, ta ce in riƙa jera biyu-biyu a kan burodi. A gefe kuma ga famfon giya, wanda ta ce gobe za ta nuna mini yadda ake tsiyayawa. Na tsaya riƙe da safar, gabana yana faɗuwa. Ba wanda ya yaudare ni, a bayanin aikin an rubuta komai, ni ne ban karanta ba.

Na je wurin manaja na faɗa masa gaskiya, ya saurare ni da mutunci, aka mai da ni wurin suyar dankali da goge tebura. Amma kafin a kai ga haka na yi makonni cikin damuwa, ga kunyar abokan aiki da suke ɗaukar nauyin da na sauke. Dokar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci sassauci kan addininsa matuƙar ba zai jawo wa wurin babbar wahala ba. To amma don Allah, me ya sa za ka jefa kanka rami kana jiran doka ta ciro ka? Ka karanta bayanin kowane aiki har ƙarshe. Wanda ka san ba za ka iya ba, ka ce ba ka so, ko da hakan zai rage maka damar shiga. Maganar sallar Juma'a da ta hijabi ma tun a tattaunawar ɗaukar aiki ake tayar da ita, ba ranar da aka miƙo maka yunifom ba. Kuma ka sani, nau'in aiki kake nuna sha'awa a kai, wurin da za a ajiye ka ba a hannunka yake ba. Mai sashen abinci zai iya faɗawa shagon askirim, zai iya faɗawa EPCOT, ɗaya daga cikin wuraren shakatawar Disney, lokacin bikin abinci da giya na ƙarshen shekara.

Na biyu, kuma a nan zan yi faɗa: ku daina cewa "ni ɗan Arewa ne, zafi ba ya ba ni tsoro." Ni ma na faɗa. Zafinmu na bazara busasshe ne, gumi ya fito iska ta ɗauke shi, ka shiga inuwar darbejiya ka sami sauƙi. Na Florida jiƙaƙƙe ne. Ma'aunin zafi yana nuna 33 ne kawai, amma iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa, inuwa ba ta yi maka komai. Da la'asar hadari ya taso da tsawa, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, bayan rabin awa rana ta dawo kwalta tana tururi. Azumin 2017 ya fara ne a ƙarshen Mayu, kuma a Orlando kusan awa 15 muke kaiwa. Wata rana na karɓi shif ɗin wani a rumfar sayar da ruwa da lemo a waje, don ina son ƙarin awanni. Wajen ƙarfe uku ina miƙa wa wata mata canji na ga kuɗin suna rabuwa biyu a idona, kunnena ya toshe, sai farkawa na yi a ɗakin jinya an ɗora mini tsumma mai sanyi a wuya. Azumin ranar ya tafi, aikin kwana biyu ya tafi. Tun daga nan, duk wanda ya tambaye ni, sai na sa ya buɗe kalanda ya duba inda Ramadan zai faɗo a cikin watannin horonsa kafin ya taɓa aikin fakin, ko rumfar waje, ko ɗaukar hoto, domin duk a rana ake yin su.

Sauran ƙanana ne. Kada ka zaɓi gadin wurin iyo don ka taɓa wanka a kogi: a Disney, mai gadin ruwa mai zurfi sai ya yi iyon yadi 200, ya nutsa ya ɗauko bulo mai nauyin kilo huɗu da rabi, ya tsaya a kan ruwa minti biyu ba da hannu ba. Shiga rigar Mickey, ɓeran katun ɗin Disney, da 'yan'uwansa sai an yi gwaji na daban, kuma tsayinka ne ke yanke hukunci kafin iyawarka. Mai kula da lilo ba hawa yake yi ba, jawabin tsaro ɗaya yake maimaitawa daga safe har dare, yana auna tsayin yara, yana haƙuri da uban da aka hana ɗansa shiga. In kana da bizar karatu, ka fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarka kan izinin aiki kafin ka karɓi tayin. Kada ka zaɓi aiki don abokinka ya zaɓa, ba za a haɗa ku shif ɗaya ba.

Akwai wanda nake so in ɗan tsaya a kansa, wato raina aikin shara. Na san abin da ke ranmu: an turo ka Amurka karatu, a ji a gida kana riƙe da tsintsiya? Wannan girman kan ya hana da yawa daga cikinmu aikin da, a ganina, ya fi dacewa da mu. Mai shara yana yawo ne, ba a ɗaure shi a kanta ɗaya ba. Shi baƙi suka fi tarewa da tambaya, don haka bakinsa ya fi saurin buɗewa da Turanci. Wasu har zane suke koya, su tsoma tsintsiya a bokiti su zana fuskar Mickey da ruwa a kan siminti, yara su kewaye su kafin rana ta shanye zanen. Akwai wankin banɗaki da kwasar amai, wannan gaskiya ne, kuma rabin aikin a waje yake. Amma wanda na ga ya fi kowa samun natsuwar fita ya yi sallarsa a lokacin hutu, cikin waɗanda muka zauna tare, mai shara ne.

Ni dai yanzu in ƙanena ya zo, ba na buɗe masa fom ranar farko. Takalmin aiki nake sa shi ya saka, ya tsaya da ƙafafunsa awa huɗu ba zama, ba waya, ranar Asabar. Washegari in ba shi takarda ya rubuta abubuwa uku da ba zai taɓa da hannunsa ba, da ayyuka uku da zai iya yi wata biyar ko da ba wanda ya ɗauke shi hoto. In takardar ta cika, sai mu kunna kwamfuta.