Yadda zaka gwada dabarar John Thach da tsinken ashana

Duk mai son tarihin yaƙin duniya na biyu don Allah ya gwada wannan da hannunsa, karatu kaɗai baya sa abin ya zauna a kai. John Thach matuƙin jirgin yaƙi ne na sojan ruwan Amurka, a 1941 rahoto ya iso musu cewa Japan na da wani jirgi wai shi Zero, ya fi nasu jirgin Wildcat saurin hawa sama ya fi shi iya juyi, in ya samu bayanka sai dai wani ikon Allah. Bawan Allahn nan bai zauna jiran sabon jirgi ba, kullum da daddare yana teburin kicin a gidansa na Coronado a Kalifoniya yana jera tsinken ashana yana juya su har ya gano mafita.

To ga yadda zaka yi. Samo tsinke uku, biyu naka, ɗayan ka ƙona kansa ya yi baƙi, shi ne Zero. Ajiye naka biyun kafaɗa da kafaɗa, kawunansu na kallon gaba, ka bar tazara kamar taƙi ɗaya tsakaninsu. Tazarar nan ita ce komai fa, Thach ya auna ta ne da faɗin da Wildcat ke buƙata kafin ya sha kwana, in sun matsu ba wurin juyawa, in sun yi nisa kafin ɗan uwa ya kawo ɗauki an gama da kai. Kuma kowa bayan ɗan uwansa yake gadi, domin kana cikin jirgi ba ka ganin ƙeyarka da kyau amma kana hango ta wancan.

Yanzu ɗora baƙin tsinken a bayan na dama. Juya na hagu ya fuskanci dama, na daman shi ma ya karkato hagu, su nufi juna kamar zasu yi karo. Jawo baƙin a hankali yana bin wanda ya sa a gaba, ka duba inda ya faɗa, gashi nan tsaye a gaban hancin na hagu inda bindigogi suke, shi kuma Zero jikinsa ba sulke, tankin mansa in harsashi ya huda shi baya toshe kansa kamar na Wildcat, nan da nan yake kama wuta. Bayan sun gifta juna kada ka tsaya, sake juyo da su su kuma haɗuwa, haka haka kamar ana kitso, shi yasa wani matuƙi abokin aikinsa Jimmy Flatley ya raɗa wa dabarar suna saƙar Thach. Abin da ya fi burge ni ko rediyo ba'a buƙata, juyowar ɗan uwanka ita ce saƙon cewa akwai mutum a bayanka.

Kafin Amurka ta shiga yaƙin sai da Thach ya gwada a sama, ya ba wani matuƙinsa Butch O'Hare jirage huɗu yace su kawo hari, nasa huɗun kuma ya rage musu wutar inji don su zama marasa ƙarfi, O'Hare duk ta inda ya ɓullo sai ya tarar da hanci na kallonsa. Ranar 4 ga Yuni 1942 a yaƙin Midway Thach ya tashi daga jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama Yorktown, Zero suka yi musu rubdugu suka kakkaɓo ɗaya cikin yaransa tun farko, a nan ya fara saƙar da gaske shi da wani matashin matuƙi Dibb, Thach ya harbo uku ya dawo da rai. Lambar jarumta ta Navy Cross sau biyu ya samu, ya kai har admiral, babban muƙamin sojan ruwa, kafin rasuwarsa a 1981.

In ka iya da uku, ƙara tsinke ka mai da naka bibbiyu a kowane gefe kamar yadda shi ya tsara tun asali, ka ba wani ya riƙe baƙin ya shigo ta inda ya ga dama.