Yadda Ake Fitar da Rahoton Kashe Kuɗi a Manhajar GnuCash

GnuCash manhaja ce ta kyauta da ke aiki a kwamfuta mai Windows ko macOS ko Linux. Ba sai da intanet ba, kuma ta san naira, ta san sefa. Fitar da rahoto a cikinta bai wuce aikin minti biyar ba. Wahalar tana wurin abin da ka zuba mata kafin ranar rahoton, domin ba ta bambance kuɗin da ka kashe da wanda ka sauya wa aljihu sai ka nuna mata.

A tsarinta, duk kuɗin da ya motsa daga wani asusu ya fito, wani ya shiga. Don haka fara da tsara asusun da ke ƙarƙashin Expenses, wato babban asusun kashe kuɗi: cefane, haya, wuta, mai da kuɗin mota, kati da data, makarantar yara, asibiti, gudummawar biki da suna, cajin banki. Goma zuwa goma sha biyar sun wadatar. Wanda ya buɗe wa tumatir asusu daban, albasa daban, ba zai kai ƙarshen wata ba zai gaji. Sa wa babban asusun alamar Placeholder don kada ka riƙa jefa abubuwa cikinsa kai tsaye.

Babban abin da ke ɓata rahoto shi ne cire kuɗi. A ce ka karɓi ₦20,000 a wurin mai POS, ya ɗora ₦400, alat ya nuna ₦20,400. Abin da ka kashe a nan ₦400 ne kacal. Sauran daga banki suka koma aljihunka. Buɗe asusun banki, rubuta shigarwar, danna Split, ka raba ta gida biyu: ₦20,000 zuwa asusun kuɗin hannu, ₦400 zuwa cajin banki. Idan ka rubuta duka a matsayin kashewa, sannan gobe ka rubuta cefanen ₦12,000 daga cikin kuɗin nan, an ƙirga su sau biyu, rahoto ya kumbura ba gaira ba dalili. Haka zubin adashi da rancen da ka ba wani: kuɗinka ne da ke hannun mutane, wurinsu ƙarƙashin Assets, wato asusun dukiyarka. Biyan bashin da ake bin ka kuwa Liabilities, wato asusun bashi, yake ragewa.

In bankinka yana ba da bayanin asusu a Excel, adana shi a matsayin CSV, ka shigar ta File, Import, Import Transactions from CSV. Lura da tsarin kwanan wata. A Najeriya da Nijar rana ake fara rubutawa, 03/04 na nufin 3 ga Afrilu. Ka bar shi a tsarin Amurka, sai kuɗin ya koma 4 ga Maris. Duk layin da ba ka faɗi inda ya nufa ba, manhajar za ta tara shi a wani asusu mai suna Imbalance-NGN, wanda rahoton kashewa ba ya gani. Kada ka fitar da rahoto sai asusun nan ya koma sifili. Daga nan ka shiga Actions, Reconcile, ka tabbatar ragowar da ke manhaja ta yi daidai da ta banki.

Yanzu rahoton kansa. Shiga Reports, zaɓi Transaction Report. Zai buɗe fayau ba komai, ba lalacewa ya yi ba, jira yake ka zaɓa masa asusu. Danna Options. A shafin General sa ranar farawa da ta ƙarewa, in ba haka ba shekarar gaba ɗaya zai kwaso. A shafin Accounts danna Expenses, sannan Select Children. Mantawa da wannan maɓalli shi ke sa mutum ya ga rahoto babu ko layi ɗaya alhali ya rubuta komai. A shafin Sorting sa Account Name a farko, Date a na biyu, don kowane rukuni ya fito da jimillarsa. Mai son taƙaitawa a shafi guda, Income Statement ya fi masa.

Idan ya fito yadda kake so, zaɓi Start of previous month da End of previous month maimakon tsayayyen kwanan wata, ka adana tsarin da Save Config. Kowane farkon wata buɗewa kawai za ka yi. Ana iya mayar da shi PDF don bugawa, ko a fitar da shi HTML a buɗe a Excel.

Ga wanda zai nemi ofis ya mayar masa da kuɗin tafiyar aiki, ba sai an buɗe sabon asusu ba. Rubuta kalma ɗaya, misali tafiyaKaduna, a bayanin kowace shigarwa ta tafiyar, ka sa ta a Transaction Filter da ke shafin Filter. Ana kuma iya liƙa hoton rasit ga shigarwa, sai dai manhajar adireshin fayil ɗin kawai take riƙewa, ba hoton ba. Tara rasit a folda ɗaya tun farko, kada ka matsar da ita, domin ranar da ka matsar da ita mahaɗin zai yanke.