Yadda Ake Koya wa Yaro Ajiye Kundin Kansa

Malaman zaure sun daɗe da sanin daɗin kundi, inda suke ajiye addu'o'i, laƙani da ranakun haihuwar 'ya'ya. Yaro ɗan shekara 8 ma zai iya mallakar nasa, wanda 'yan boko ke kira dayari.

1. Ku je kanti tare, shi zai zaɓa. Littafin rubutu mai warƙa 40 ya isa, mai kauri tsoro yake ba yaro. Bar shi ya rubuta sunansa a bango, ya manna hoton ɗan ƙwallon da yake so.

2. A tsayar da lokaci, kamar bayan sallar isha'i, minti 10 kacal. Ya fara da kwanan wata, na Hijira ko na Miladiyya.

3. Kada ka ce masa "rubuta abin da ya faru yau". Kullum abin da za ka samu ke nan: na je makaranta, na dawo, na ci tuwo. Jefa masa 'yar tambaya. Me ya ba ka dariya a islamiyya? Me Kaka ta ce da akuya ta zubar da ƙullun koko? Nan bakin biro zai buɗe.

4. Ya rubuta da harshen da yake tunani da shi, da rubutun boko ko na ajami. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya yi zane. Kai kuma ɓoye jan bironka, ba aikin gida ba ne.

5. A nan iyaye suka fi yin tuntuɓe. Littafin amana ne. Ranar da yarinya ta ji Umma na ba maƙwabciya labarin abin da ta rubuta ana ƙyaƙyatawa, ranar ta daina, ko ta koma rubuta abin da za a yaba. A gidan yawa, yayye da ƙanne sun fi kowa bincike, don haka a samo ɗan akwati mai kwaɗo, makulli a hannun mai littafi. In kana zargin wani abu na damun yaro, zaunar da shi ka tambaye shi baki da baki.

6. In ya yi mako bai taɓa littafin ba, ban da faɗa. Ɗauko naka ka zauna kusa da shi a tabarma kana rubutu. Da wuya bai tashi ya ɗauko nasa ba.