Yadda Za Ka Hana Takalminka Zamewa a Zauren Gasar Harbi

Wanda bai taɓa tsayawa a layin harbi na mita 10 ba zai ɗauka aikin duk na ido ne da ɗan yatsa. Ai kuwa daga tafin ƙafa yake farawa. A gasar bindigar iska, wadda ta shiga wasannin Olamfik a 1984, mutum zai yi harbi 60 cikin minti 75, a tsaye, rungume da bindigar da nauyinta kan kai kilo 5.5, kuma abin da yake nema a tsakiyar allo ɗigo ne mai faɗin rabin milimita.

Yanzu yi wannan lissafin. A ce tazarar da ke tsakanin ƙafafunka santimita 50 ce. Nisan allo ya ninka wannan tazara sau 20. Ke nan idan ƙafa ɗaya ta gusa gaba ko baya da milimita ɗaya tak, jikinka ya ɗan juya, kuma kafin juyin nan ya isa allo ya zama santimita 2. Ba faɗuwa za ka yi ba, ba ma za ka ji ka motsa ba. Sai dai ka ga harbinka yana ta karkata gefe guda, ka shiga murɗa saiti, kana zargin bindiga, alhali ita ba ruwanta.

Fara da gano mai laifi

Abu uku ne ke iya zamewa: takalmi a kan daɓe, ƙafa a cikin takalmi, ko kuma tsayuwarka ce take tura ƙafafun waje. A wurin atisaye, liƙa ɗan salatif mai ɓantaruwa a ƙasa daidai bakin yatsu da gefen dunduniya, ka yi harbi 20, sannan ka duba ƙasa. In takalmin ya bar alamar, matsalar tana tsakanin roba da daɓe. In yana nan daram amma kana jin ƙafarka na yawo a ciki, to ka ɗaure igiya da kyau tun daga ramin farko, ka canja safa mai sulɓi da wadda take kama ƙafa. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Wanke tafin takalmin, wanki na gaske

Nan ne mafi yawan matsalar take, kuma nan ne mutane suka fi raina wa. Roba ba ta kama daɓe sai ta taɓa shi kai tsaye. Da zarar ƙura ta shiga tsakani, ƙwayoyinta sai su zama tamkar gero da aka watsa a kan tayil, takalmi ya riƙa mirginawa a kansu. Wanda ya san yadda tsakar ɗaki take komawa da hunturu, a share da safe kafin azahar a iya rubuta suna a kai da yatsa, ya san abin da nake nufi.

Samo ruwan ɗumi, ɗan sabulun wanke kwanuka da tsohon buroshin haƙori. Juya takalmin, ka goge tafin lungu-lungu. Cikin tsagogin ne datti yake daskarewa, sai ka sa tsinken sakace ka fito da yashi da ƙananan tsakuwa. Daga nan ka ɗauraye sosai, domin sabulun da ya bushe a jikin roba shi ma santsi ne. Idan zauren na masu shafa wa daɓe man ƙyalli ne, za ka ga tafin yana wani sheƙi ko bayan wanki. Ɗiga sifirit kaɗan a tsumma ka share shi sau ɗaya. Kada ka kusanto da fetur ko kalanzir: suna cin roba, suna narkar da gam ɗin da ya riƙe tafin. Ka shanya a inuwa.

Gwajin da nake yi bayan wanki mai sauƙi ne. Nakan sa hannu cikin takalmin, in danna shi a kan tayil mai tsabta, in tura. Tafin da ya wanku zai turje, har ya yi ɗan ƙara ƙii. Wanda bai wanku ba zai tafi sululu.

In robar ta ƙeƙashe

Danna farcen babban yatsa a tafin. Roba mai rai za ta lotsa ta dawo. In ka ji ta tauri kamar bokitin roba da ya shekara a rana, fatarta ta sama ta mutu. Ɗauko samfefa mai matsakaicin kaushi, ka shimfiɗa ta a kan katako mai lebur, ka riƙa goga takalmin a kai a hankali, gaba da baya sannan gefe da gefe, har sheƙin ya tafi robar ta yi dishi-dishi. Dalilin shimfiɗa samfefar a katako shi ne kada ka ci wani gefe fiye da wani. Takalmin harbi lebur ake so, in ka yi masa tudu da kwari ka sayi wata sabuwar matsalar. Ba sassaƙa za ka yi ba, fatar sama kawai za ka ɗauke. Bayan nan sake wankewa don garin robar ya fita.

Zafi ne ke saurin tsofar da roba, don haka but ɗin mota da tsakar rana ba wurin ajiyar takalmin gasa ba ne.

Abin da doka ta hana

Na taɓa ganin wani matashi a wani zauren atisaye yana fesa wa tafin takalminsa man fesa gashi. Minti goma na farko ya kama ƙasa kamar ƙaska. Kafin ya kai rabin harbinsa, duk ƙurar wurin ta manne masa, tafin ya yi baƙi ƙirin, santsin ya fi na da, ga tabo ya bar wa wanda zai tsaya a wurin bayansa. Haka lemon kwalba da ruwan sukari da ƙaro suke yi, duk kanwar ja ce.

Ko da suna aiki ma, dokar hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta hana shafa ko fesa wani abu mai danƙo a takalmi, a rigar harbi ko a ƙasa. Ta kuma hana zuba wani abu a daɓen wurin tsayuwa don samun fifiko, har share wurin ma sai da izini. Saboda haka in ka iso ka tarar da wurinka ya yi ƙura, ɗaga hannu ka kira jami'in layi ka nuna masa tun kafin a fara minti 15 na shiri da gwajin saiti. A ganina wannan dokar daidai take: wurin da ka tsaya yau, wani ne zai tsaya gobe.

Ranar gasa

Takalmin harbi ba ya taka waje. Ka zo da shi a jakarsa, ka sa shi a cikin zaure, ka cire kafin ka fita, ko da bayi za ka. Tafiya ɗaya zuwa wurin ajiye motoci ta isa ta rushe wankin jiya.

A jakarka ka riƙe tsumma biyu, ɗaya mai ɗan danshi a cikin leda, ɗaya busasshe. Kana zaune a kujerar bayan layi, share tafin da mai danshin, ka bi da busasshen, ka ba shi minti ɗaya ya sha iska. Danshi ake so ya ɗauke ƙura, ba jiƙa ba, domin jiƙaƙƙen takalmi a kan tayil ya fi mai ƙura haɗari. Sannan ka taka zuwa wurinka, ka dasa ƙafa, kada ka ja ta a ƙasa wajen gyara tsayuwa. Ɗaga ta za ka yi ka sake ajiyewa.

Za ka ga 'yan ƙwallon kwando suna share tafin takalmi da tafin hannu. Kada ka kwaikwaye su a nan. Harsashin bindigar iska na dalma ne, kuma garinta yana sauka a daɓen zaure. Tsumman nan ma a ledarsa zai koma, kai kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci wani abu.

Duba tsayuwarka

Wani lokaci takalmin lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ya ware ƙafafu fiye da kima. Iya buɗewar ƙafa, iya yadda nauyin jiki yake tura su waje maimakon ya danna su ƙasa. A daɓen roba ba za ka lura ba. Ranar da ka faɗa zaure mai fentin siminti ko katako mai sheƙi, sai ƙafar baya ta fara guduwa. Rage tazarar da faɗin yatsa biyu ko uku, ka rufe ido, ka saki jiki, ka buɗe ka ga inda bakin bindiga ya nufa, sannan ka gyara da ƙafa. Amma a atisaye ake koyon wannan. Shi ya sa yake da kyau ka riƙa gwada tsayuwarka a daɓe iri-iri, har da tayil ɗin falonku, ba tare da harsashi ba.

In duk an yi bai yi ba

Saura canja tafi gaba ɗaya. Mai gyaran takalmi da ya san aikinsa zai iya ɓare tsohon ya liƙa sabuwar roba mai laushi, amma ka je masa da ma'auni a rubuce, domin shi a tunaninsa kauri shi ne inganci. A takalmin masu doguwar bindiga, kaurin tafi a wajen yatsu kada ya wuce milimita 10, kuma kada tafin ya fito gefe fiye da milimita 5. Dole ne kuma ya lanƙwasu: a wurin tantance kaya akwai na'urar da ake matse takalmi a ciki, a ɗaga dunduniyarsa da ƙayyadadden ƙarfi, sai ya tanƙwaru digiri 22.5 ko fiye kafin ya wuce. Masu ƙaramar bindiga kuwa takalminsu ba zai rufe idon sawu ba.

Ka roƙe shi ya yi wa ƙafa biyun da roba ɗaya, kauri ɗaya, ya kuma goge gam ɗin da ya tsattsafo a gefe. In ka karɓo, ajiye su a kan tebur ka danna kowane da yatsa a gaba da baya. Wanda ya yi rawa, mayar masa da shi a ranar.